Hukunci Kafin Tabbas: Likita, Yaro Mai Zazzaɓi da Nauyin Rinjayen Zato

A ɗauki yaro ɗan wata goma sha takwas da ya kwana goma jikinsa na ci da wuta. An ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ya shanye, an koma allurar kashe ƙwayoyin cuta an sauya ta sau biyu, zafin bai sauka ba. Likita ya ɗora hannu a cikinsa ta gefen hagu, ya ji saifa ta sauko ƙasan haƙarƙari, hanta ma ta leƙo ta dama. Tafin hannun yaron ya yi fari fat, inda aka soka allura jini na ci gaba da tsattsafowa, kuma takardar gwaji ta nuna jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu daskarar da jini duk suna raguwa tare. A nan likita mai zurfin karatu yakan tuna da wata cuta da ake taƙaita sunanta da HLH, wadda a cikinta garkuwar jikin yaron ce ke hallaka shi. Maganinta shi ne a danne garkuwar da magunguna masu ƙarfi. Idan kuwa zaton ya kuskure, an kwance wa yaro ɗamara ke nan a tsakiyar yaƙi da wata cuta da ba a gano ba. Gwajin da zai yanke shakka kan ɗauki kwanaki ko makonni, yaron kuma ba shi da su. Shin ya halatta ɗan Adam ya ɗauki mataki mai haɗari a kan ran da ba nasa ba, alhali bai kai ga yaƙini ba? Ra'ayina shi ne ya halatta, har ma yakan wajaba, muddin zaton da aka yi aiki da shi ya cika sharuɗɗansa.

Idan ƙwayar bairos ta shiga jiki takan ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar mutum. Garkuwar jiki tana da dakaru na musamman da ke farautar irin waɗannan ƙwayoyin da aka mamaye. Sukan manne musu, su huda su da wani sinadari mai suna fafurin, su zuba musu abin da zai kashe su, sannan su saki su wuce. Kisan nan yana yin aiki biyu: yana kawar da maɓoyar cuta, yana kuma shaida wa sauran rundunar cewa an gama, a koma gida. A jikin wasu yara wannan makami a lalace yake tun daga haihuwa, a wasu kuma tsananin cutar ne ke rikita shi. Sai dakarun su manne su kasa kashewa, su yi ta fitar da saƙon neman agaji, musamman wani mai suna intaferon gama. Kamar gangar yaƙi ce da aka rasa mai tsayar da makaɗinta. Manyan ƙwayoyin da aikinsu shi ne share datti su harzuƙa, su cika ɓargo da saifa da hanta, wani lokaci har ƙwaƙwalwa, su shiga haɗiye lafiyayyun ƙwayoyin jinin mai su. Bairos ɗin da ya fi yawan tayar da wannan fitina shi ne Epstein-Barr, wanda aka gano a Landan a 1964 a cikin samfurin wata sankara da aka kawo daga Yuganda. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su ma san ranar da ya shige su ba.

Sanin wannan cuta bai zo wa mutane a rana ɗaya ba. A 1952 James Farquhar da Albert Claireaux suka bayyana ta a Edinbara, a jikin jarirai biyu 'yan ɗaki ɗaya da suka rasu da alamomi iri ɗaya. A 1979 wasu likitoci a Minesota ta Amurka suka nuna cewa kamuwa da bairos na iya tayar da irinta. Sai a 1999 aka gano cewa lahani a ƙwayar gadon da ke sarrafa fafurin na daga cikin tushenta. A tsawon waɗannan shekaru, jaririn da ya gaji cutar kuma ba a yi masa magani ba, galibi ba ya wuce wata biyu bayan ta bayyana. A 1994 likitocin ƙasashe da yawa, ƙarƙashin jagorancin Jan-Inge Henter na cibiyar Karolinska a Sitokhom, suka haɗu a kan tsarin magani guda: magungunan deksametason da etofosaid na mako takwas, sannan dashen ɓargo ga masu nau'in gado. Da wannan tsari kashi 54 cikin 100 na yaran suka kai shekara biyar a raye, wanda ya biyo bayansa a 2004 kuma ya kai kashi 61. Abin lura shi ne sun fara ceton yara shekara biyar kafin a san ƙwayar gadon da ke da laifi. Da sun ce sai sun fahimci tushen cutar gaba ɗaya za su taɓa majinyaci, da an binne yara masu yawa da a yau magidanta ne.

Ƙa'idojin gane cutar na 2004 su kansu darasi ne a kan yadda ake hukunci ba tare da yaƙini ba. Alamomi takwas ne: zazzaɓi, kumburin saifa, raguwar aƙalla biyu daga cikin nau'o'in ƙwayoyin jini uku, hawan wani nau'in kitse a jini ko faɗuwar sinadarin da ke daskarar da shi, ganin ƙwayoyin da ke haɗiye 'yan'uwansu a ɓargo ko saifa ko kaluluwa, raunin dakarun kisa, sinadarin feritin na jini da ya kai 500, da hawan wani sinadari mai nuna harzuƙar garkuwa zuwa 2,400. Idan biyar suka haɗu, an yarda a kira cutar da sunanta. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke tsayawa shi kaɗai. Har alamar da cutar ta samo suna daga gare ta, wato haɗiyar ƙwayoyin jini, sau da yawa ba a ganinta a ɓargon da aka zuƙo a kwanakin farko, kuma ana ganinta a jikin masu wasu cututtukan daban. Wani nazari da aka yi a asibitin yara na Teksas a 2008 ya nuna cewa feritin da ya haura 10,000 yana nuni mai ƙarfi ga cutar, amma shi ma nuni ne. Biyu daga cikin gwaje-gwajen takwas ɗin sai a manyan ɗakunan bincike ake yin su. Aikin likita a nan ya yi kama da na alƙali da shaidu suka jeru a gabansa, kowanne ya ga wani ɓangare, babu wanda ya ga komai duka.

Malaman usulul fiƙhu sun daɗe da rarraba matakan sani. Akwai yaƙini, wanda babu kokwanto a cikinsa. Akwai zato, inda ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. Akwai shakka, inda biyun suka yi kunnen doki, sannan wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya. Sun kuma yarda cewa mafi yawan ayyukan bawa a kan rinjayen zato suke tafiya. Alƙali yana yanke hukunci da shaidar adilai biyu, ko da yake mai yiwuwa ne su yi kuskure. Matafiyin da alƙibla ta ɓace masa a daji ba a ce ya ajiye salla sai ya shiga gari ba, an ce ya duba rana da taurari ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya fuskanci inda zuciyarsa ta rinjaya. Izzuddin ibn Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya kafa wannan a matsayin tushe a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, inda ya nuna cewa manomi da ɗan kasuwa da mai neman magani duk a kan zato suke aiki, kuma barin alherin da ya fi yawan aukuwa don tsoron kuskuren da ba safai yake faruwa ba, ba aikin masu hankali ba ne. Idan an halatta wannan a salla da shari'a, ba na ganin hujjar da za a hana shi a gaban gadon yaro. Wani abu kuma da ake yawan mantawa shi ne, jira ma mataki ne. Likitan da ya naɗe hannu yana sauraron sakamako ya riga ya yi zato, zatonsa shi ne yaron zai kai ranar da sakamakon zai iso, kuma wannan zaton ma ana tambayar hujjarsa.

Mai ja zai ce, kuma da gaskiyarsa, kada garin neman gira a rasa ido. Etofosaid maganin sankara ne, yana ƙara durƙusar da ɓargon da dama ya raunana, kuma a wasu 'yan lokuta yakan jawo sankarar jini bayan shekaru. Alamomin nan biyar kuma ba cuta ɗaya ke tara su ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na iya tara su, haka taifot, haka tarin fuka da ya bazu a jiki, haka shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. A yankin Gadarif na gabashin Sudan, inda akwai ƙauyukan Hausawa, cutar kala'azar da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa tana zuwa da dogon zazzaɓi da babbar saifa da ƙarancin jini, tana iya cika ƙa'idojin kaf, alhali a mafi yawan lokuta kashe ƙwayar da ta jawo ta ya wadatar, ba sai an kai ga maganin sankara ba. Haka kuma idan sankarar jini ce ko ta kaluluwa ke ɓoye a ƙarƙashi, ba da deksametason kafin a ɗebi samfuri yakan shafe sawunta, a kasa gane ta sai ta dawo da ƙarfi. Wannan suka ce mai nauyi, kuma na karɓe ta. Sai dai abin da take rusawa shi ne zato maras bincike. Ba ta taɓa zaton da ya biyo bayan tambayar inda yaron ya fito da inda ya je, da duba jininsa da ɓargonsa don neman waɗannan cututtukan, da ɗibar duk samfuran da ake buƙata kafin allurar farko, da kiran wanda ya fi sani ko da ta waya ne. Likitan Gadarif da na Sitokhom suna iya ganin alamomi iri ɗaya, rinjayen zatonsu ya bambanta, kuma duka biyun su yi daidai, domin abin da ya fi yawa a ƙasa yana cikin shaidun da ake aunawa.

Shari'a ma ba ta buɗe wannan ƙofa ga kowa ba. Hadisin da ya yi wa mai ijtihadi alkawarin lada ko da ya kuskure, yana tafiya tare da hadisin da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yin magani ba tare da an san shi da ilimin magani ba. Uzurin kuskure na wanda ya cancanci yin hukunci ne, kuma ya ƙure ƙoƙarinsa. Akwai kuma sharaɗi na ƙarshe da Risala ta Ibn Abi Zaid ta koya wa kowane almajiri: wanda ya gano ya kuskure alƙibla, ya sake sallarsa tun lokaci bai fita ba. Zaton kirki a shirye yake ya janye. A asibiti ma'anar wannan ita ce a fara da matakin da za a iya komawa daga gare shi idan halin yaron ya ba da dama, a ci gaba da maganin ƙwayoyin cuta tare da danne garkuwar, a riƙa auna feritin da ƙwayoyin jini a kai a kai, a kuma sauya hanya ranar da sabuwar shaida ta bayyana. Likitan da ya manne wa sunan da ya fara raɗa wa cuta don kada a ce ya yi kuskure, girman kai yake karewa, ya bar yaron.

Wani kuma zai ja daga ɓangaren addini, ya ce Alƙur'ani ya zargi bin zato a wurare da dama, kuma rai da ajali a hannun Allah suke, don haka wannan gaggawar alamar raunin tawakkali ce. Zaton da aka zarga shi ne wanda ake gina aƙida a kansa ba da hujja ba, da mummunan zaton da ake yi wa mutane. Ba a taɓa fahimtar ayoyin da cewa sun hana manomi shuka don bai tabbatar damina za ta yi kyau ba. Game da tawakkali kuwa, labarin Sayyidina Umar ya isa misali. Yana kan hanyar Sham aka sanar da shi annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. A lokacin da ya yanke shawarar bai san tabbas wa zai kamu wa zai tsira ba, ya auna ne ya zaɓi abin da ya fi kusa da kare rayuka. A Suratul Kahfi kuma an ba mu labarin bawan Allah da ya huda jirgin talakawa don ya kuɓutar da shi daga sarki mai ƙwace, wato lahani ƙarami da aka jawo da gangan don kauce wa babba. Bambancin shi ne shi an sanar da shi abin da ke gaba, likita kuwa ba a sanar da shi ba. Wannan bambanci bai ɗauke wa likita aikin ba, ya dai ɗora masa tawali'u da shawara da addu'a.

Shekarar 2020 ta gwada wannan ra'ayi a idon duniya. A tsakiyar Afrilu, cikin kwana goma, likitoci a Landan suka karɓi yara takwas da zazzaɓi mai tsanani, ciwon ciki, jajayen idanu, ƙuraje da faɗuwar bugun jini, ɗaya daga cikinsu ya rasu. A Bergamo ta Italiya an ga yara goma cikin wata biyu da alamomin da a shekaru biyar na baya goma sha tara kacal aka gani. Ciwon yana zuwa ne mako biyu zuwa shida bayan kamuwa da korona, sau da yawa bayan bairos ɗin ya bar hanci da maƙogwaro. Babu littafin da ya ambace shi, babu sunan da aka san shi da shi. Abin da likitocin suka yi ƙiyasi ne. Sun ga ya yi kama da cutar da Tomisaku Kawasaki ya bayyana a Japan a 1967 bayan ya bibiyi yara 50, wadda aka san cewa ba da sinadaran garkuwa da aka tace daga jinin mutane cikin kwana goma na farko yana rage kumburin jijiyoyin zuciya daga kusan yaro ɗaya cikin huɗu zuwa kusan ɗaya cikin ashirin. Suka ara wannan magani, suka haɗa da masu kwantar da kumburi, suka sanar da juna abin da suke gani. Sai a tsakiyar Mayu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar ciwon, wanda yanzu ake kira MIS-C. Mafi yawan yaran sun tashi, kuma waɗanda aka fara ceta an cece su kafin a raɗa wa ciwon suna.

Akwai suka ta uku, ta adalci. A Suwidin an ƙiyasta nau'in gado na HLH da jariri ɗaya cikin 50,000. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da yunwa ke ɗibar yara kullum, me zai sa a ɓata tunani a kan abin da ba safai ake gani ba, wanda dashen ɓargonsa ya fi ƙarfin aljihun kusan kowa? Gaskiya ne kuɗin gwamnati ya kamata ya fara zuwa inda mutuwa ta fi yawa. Amma abin da ake nema a nan mafi yawansa ba na kuɗi ba ne. Tambaya ce da likita zai yi wa kansa a rana ta bakwai ta zazzaɓin da ya ƙi jin magani, da ƙidayar ƙwayoyin jini, da gwajin feritin. Yaron da bairos ya tayar wa garkuwa ba tare da lahanin gado ba yana iya warkewa ba tare da dashe ba. Ko a inda ceto ya gagara, sanin sunan cutar yana da amfani ga masu rai. A nau'in gado da aka fi sani, uwa da uba kowanne yana ɗauke da rabin lahanin cikin ƙoshin lafiya, kowane ciki kuma yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kamar yadda muka sani a amosanin jini, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar rabi biyun. Hausawa suna da kalmar wabi ga matar da 'ya'yanta ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Dalilan hakan suna da yawa, wannan cuta ƙaramin kaso ce a cikinsu, amma kowa ya san abin da kan biyo baya idan ba a san dalili ba: a zargi kishiya, a zargi tsohuwar maƙwabciya da maita, a saki matar. Bayanin likita na gaskiya yana iya tsare mutuncin mutanen da ba su ji ba su gani ba, yana kuma sa a sa ido a kan jariri na gaba tun ranar haihuwa.

Saura haƙƙin iyaye. Tunda likita da zato yake aiki, bai halatta ya sayar musu da shi a matsayin yaƙini ba. Ya zaunar da su ya faɗa musu da harshen da suke ji: ga abin da na fi zato, ga dalilaina, ga abin da nake tsoro idan muka jira, ga abin da nake tsoro idan muka fara, kuma ko da an yi komai daidai, kusan huɗu cikin goma na irin waɗannan yara ba sa tsira. Uban da aka gaya wa haka ya amince, ya shiga cikin ijtihadin, kuma idan abin ya zo da ƙarar kwana zai yi haƙuri a kan sani, ba zai kwana yana zargin an yaudare shi ba. Mu ma da ke waje akwai namu nauyin. Idan al'umma ta mai da kowane mummunan sakamako laifin likita, za ta tarbiyyantar da likitocin da suka gwammace yaro ya rasu ba su taɓa shi ba, domin ba a cika tuhumar wanda bai yi komai ba. Ya kamata mu koyi tambayar da ta dace: ya bincika, ya nemi shawara, ya faɗi gaskiya, ya sauya hanya da hujja ta sauya? Idan ya yi waɗannan, ya sauke abin da aka ɗora wa ɗan Adam, wanda aka ba shi hankali da alamomi aka kuma ɓoye masa gobe. Sakamakon yana wurin Wanda ya san abin da ke cikin ɓargon yaron tun kafin a zuƙo shi.